Yadda Za Ku Taka Wa Manya Burki, Tun Daga Unguwarku

Ƙanena, na san ranka a ɓace yake. Kuɗin mota ya ninka, albashi ba ya kai tsakiyar wata, asibitin unguwa ba magani, wanda kuka zaɓa kuma ya sauya lambar waya tun ranar da aka rantsar da shi. Kullum da daddare ana caccakar gwamnati a teburin mai shayi, gari na wayewa kowa ya kama gabansa. Fushin nan naka yana kan gaskiya. Amma fushi kaɗai bai taɓa hana mai mulki barci ba.

Abin da ke hana shi barci shi ne mutanen da suka san juna, suka san abin da suke nema, suke da ɗan asusunsu na kansu, kuma ba sa watsewa bayan mako biyu. Attajirai da 'yan siyasa ba su da yawa. Da hannun talaka suke komai: shi ne direba, shi ne mai gadi, shi ne malamin zaɓe, shi ne mai sayen hajarsu, shi ne mai dangwala ƙuri'a. Aikinka shi ne ka sa waɗannan mutane su fara shawara da juna. Ga yadda ake yi, cikin lumana kuma cikin doka.

1. Kama matsala ɗaya tak

Kada ka tara mutane a kan "kawo ƙarshen zalunci". Ba wanda ya san ofishin da ake zuwa a karɓo wannan. Kama abin da ake iya nunawa da yatsa: rijiyar burtsatse da aka ce an haƙa amma babu ita, filin makarantar firamare da aka yanka aka yi shaguna, takin gwamnati da ya ɓace tsakanin sakatariya da ƙauye, harajin kasuwa da ake karɓa sau biyu ba rasit.

Auna ta da tambaya uku. Ta shafi mutane da yawa? Akwai mutum ɗaya, mai suna da ofis, wanda sa hannunsa zai warware ta? Za a iya ganin sakamako cikin wata uku zuwa shida? In duka amsar e ce, ka samu wurin farawa.

Dubi Bagega, a ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara. A 2010 aka gano gubar dalma daga aikin zinariya tana kashe yara a yankin, fiye da 400 suka rasu. An share gubar a wasu ƙauyuka, Bagega ta rage. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗi, ta yi shiru. Likitoci kuma ba su da halin fara magani sai an share ƙasar, don yaro zai koma gida ya sake kwasar gubar. Matasan da suka kafa Follow The Money, irin su Hamzat Lawal, da sauran ƙungiyoyin da suka mara musu baya, magana ɗaya suka riƙe: a saki kuɗin Bagega. A farkon 2013 aka saki kuɗin, aka fara aiki.

2. Nemo mutanenka ido da ido

Gobe da safe ɗauki takarda ka rubuta sunan mutum goma da matsalar ke ci wa tuwo a ƙwarya. Bi su ɗaya bayan ɗaya, a shago, a gona, a ƙofar gida. Saurarenka ya fi maganarka yawa. Tambayi kowa: me wannan abu ya jawo maka, kuma wane ne in ya yi magana a unguwar nan ake ji? Sunan da ya fito daga baki uku, shi ne mutuminka, ko da bai yi boko ba.

Kada ka buɗe zauren WhatsApp tukuna. Mutum 200 da ba su taɓa zama tabarma ɗaya ba, abin da za su yi a zaure shi ne tura hotuna da gardama.

Ba lallai ne ka ƙirƙiro sabon abu ba. Akwai ƙungiyar 'yan kasuwa, ta 'yan A Daidaita Sahu, ta iyaye da malamai, kwamitin masallaci, zumuntar coci, kulob ɗin ƙwallon samari. Waɗannan sun riga sun saba da taro, da karo-karo, da jin maganar juna. Kai musu matsalar.

In takwas kawai suka amsa, sun isa. Mutum takwas ne suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Teloli, mahauta, 'yan koli da ƙananan 'yan kasuwa suka riƙe ta, suka sha ɗauri da bulala a hannun En'e. A 1979 magajiyarta, PRP ta Malam Aminu Kano, ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali.

3. Ke ƙanwata, kada ki jira a gayyace ki

Ke kika san farashin mudu, ke kike yini a layin asibiti da goyo, ke kike da adashi da ajin Islamiyya. Saƙon da zai ɗauki maza mako guda, a gidan suna ɗaya za ki isar da shi gida talatin. Nemi mata uku ku zama reshe. Ku sa lokacin zamanku da kanku, da hantsi ko bayan la'asar, yadda ba zai ci karo da aikin gida ba. Ku nemi wuri a inda ake yanke shawara, kada a bar ku da dafa abincin taro kaɗai.

A Yamai, ranar 13 ga Mayu, 1991, mata suka fito saboda mace ɗaya tal aka sa a kwamitin shirya taron ƙasa. Aka ƙara musu kujeru, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar har yau. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri tana nema wa matan Arewa ƙuri'a, sai a 1976 suka same ta. Kada ki bari a karɓe ta a hannunki da sabulu da turmin atamfa.

4. Ku riƙe kanku da kuɗinku

Tun zaman farko ku yanka wa kanku kuɗin mako, ko naira 200 ce. Su ne kuɗin buga takarda, kuɗin mota zuwa sakatariya, kuɗin kati. A sami littafi ɗaya, ma'aji ɗaya, da wani daban mai duba littafin. A kowane zama a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, kowa na ji. Rigimar kuɗi tana kashe ƙungiya tun kafin gwamnati ta san da ita.

Da zarar an fara jin ɗuriyarku, wani zai aiko da gudummawa: buhunan shinkafa, kujerun roba, ko babur ga shugaba. Sau da yawa ɗan adawa ne mai son taka bayanku ya hau kujera. Ku yi godiya, ku mayar. Wanda ya biya kuɗin rumfa da lasifika, shi zai zaɓi abin da za a faɗa a lasifikar. Ku rubuta ƙa'ida tun yau: ba a karɓar kuɗin ɗan takara ko mai riƙe da muƙami, kuma akwai iyakar abin da mutum ɗaya zai iya bayarwa.

Kada ku zuba komai a wuri ɗaya. Bayan zanga-zangar EndSARS a 2020, Babban Bankin Najeriya ya samo umarnin kotu ya rufe asusu 20 na waɗanda ake dangantawa da ita.

5. Kada komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya

Mutum ɗaya ana iya sayensa, ana iya tsorata shi, ana iya kulle shi. Ku raba aiki: mai rubutu, mai kuɗi, mai magana a rediyo, mai hulɗa da lauya, mai zaga gidaje. Kowa ya sami na biyunsa wanda ya san aikin. A riƙa sauya mai jagorantar zama.

Ƙa'idar da ta fi kowacce: ba mai zuwa wurin ciyaman ko kwamishina shi kaɗai. Mutum uku za su je, su dawo su ba da rahoto a ranar. In aka kira ɗayanku da dare aka ce ya zo a gana, amsarsa ita ce, "Ranka ya daɗe, sai dai in zo da 'yan'uwana." Toshiyar baki a keɓe ake ba da ita.

Sudan ta nuna amfanin wannan. Kwamitocin unguwanni suna cikin waɗanda suka riƙe boren da ya tashi a Atbara a Disambar 2018 kan tsadar burodi, har Umar al-Bashir ya faɗi ranar 11 ga Afrilu, 2019. Ranar 3 ga Yuni jami'an tsaro suka tarwatsa zaman dirshan na Khartoum da harsashi, aka katse intanet fiye da wata guda. Duk da haka ranar 30 ga Yuni jama'a suka cika tituna, domin kwamitocin sun bi gida gida da baki da takarda. To in aka ɗauke sabis a garinku, kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumbar 2021, ta yaya saƙo zai kai ga kowa cikin awa biyu? Kowannenku ya san gida biyar da zai ƙwanƙwasa.

6. Ku riƙe takarda

Nan ne yawancin mutane ke kasala, nan ne kuma ƙarfin yake. Jami'i ba ya jin tsoron "an ce". Yana jin tsoron lambar aiki, adadin kuɗi, sunan ɗan kwangila da hoton wurin.

Fara da kasafin kuɗi. Na tarayya yana intanet, jihohi ma suna wallafa nasu. Shafin Tracka na ƙungiyar BudgIT yana jera ayyukan mazaɓu da aka sa a kasafi. Nemi yaron da ya iya waya ya zaƙulo muku abin da aka rubuta da sunan mazaɓarku. Sannan ku je wurin da ƙafarku, ku ɗauki hoto, ku rubuta kwanan wata da sunan shaidu biyu.

Sai wasiƙa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman bayani daga ma'aikatar gwamnati, kuma ba dole ne ka faɗi dalilinka ba. Ma'aikata tana da kwana bakwai ta amsa. In ta ƙi, kana da kwana 30 ka kai ƙara kotu. A 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan jihohi ma, don haka kada wani ya ce maka ta Abuja ce kawai.

Wasiƙar ta zama gajeriya. Wane kamfani aka ba aikin? Nawa ne kuɗin? Nawa aka biya, kuma yaushe? Wa ya sa hannu cewa an kammala? Buga kwafi biyu. Miƙa ɗaya, ka tsaya sai an buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗayan. Wannan kwafin shi ne dukiyarku. Ku ɗauki hotonsa, ku ajiye a gida biyu.

Ku sa ido a kan ƙaramar hukuma musamman. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma ba a yarda gwamna ya naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ba. Aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, amma ana wallafa kason kowace ƙaramar hukuma duk wata. Ku rubuta adadin a babban kwali ku liƙa a wurin zamanku. Mutumin da ya ga lambar da idonsa ba zai ƙara yarda da "babu kuɗi" cikin sauƙi ba.

Ku kuma kiyaye harshe. Kada ku ce wane ɓarawo ne. Ku ce an ware kaza, an biya kaza, ga hoton filin. An sha amfani da Dokar Laifukan Intanet ta 2015 wajen kama 'yan jarida da masu rubutu a Facebook. Abin da ba ku da takardarsa, ku bar shi a ciki har ku same ta.

7. Ku bi mataki mataki

Ku fara da na gida: mai unguwa, dagaci, limami, fasto, kansila. Ku je da ladabi da takarda. Wasu za su mara muku baya, wasu za su noƙe, amma ba wanda zai ce kun tsallake shi. Kada ku zagi ƙaramin ma'aikaci ko kurtun ɗan sanda. Kasuwa ɗaya kuke ci, kuma akawun da kuka mutunta shi ne zai raɗa muku inda fayil ya kwana.

In shiru, sai wasiƙa mai wa'adin mako biyu. In wa'adi ya cika, sai rediyo. Shiri irin Inda Ranka na Freedom Radio a Kano, manya na saurarensa kamar yadda talaka ke yi. Ku tura mutum biyu masu natsuwa da takardunsu. Daga nan sai koke a rubuce ga kwamitin ƙorafe-ƙorafe na majalisar jiha, ga Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, ko ga ICPC, wadda tun 2019 take bin sawun ayyukan mazaɓu. Ku kira taron gari ku gayyaci wakilinku a rubuce. In bai zo ba, ku ajiye kujerarsa a gaba da sunansa, ku ci gaba da taro, ku ɗauki hoto.

Kada ku raina matsa wa ɗan majalisa. Ranar 16 ga Mayu, 2006, Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai ba Obasanjo damar tazarce. An nuna muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya san mutanen garinsu na kallon bakinsa.

Mataki mafi nauyi shi ne janye hannu: yajin aiki, rufe shaguna, ƙaurace wa hajar wani, zaman gida. A 2005 gwamnatin Nijar ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi. Gamayyar masu yaƙi da tsadar rayuwa ta kira zaman gida, kasuwanni suka rufe, motoci suka tsaya. Aka kama jagororinta, ciki har da Nouhou Arzika, jama'a ba su ja da baya ba, gwamnati ta cire harajin daga kan fulawa da madara. A Najeriya, a Janairun 2012, litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa kimanin 141. Yajin aikin NLC da TUC na mako guda, tare da fitowar jama'a, ya sauko da ita 97. Zaman gida yana da wani alfanu babba: ba a harbin mutumin da ke cikin ɗakinsa. Amma mai neman na yau da kansa ba zai iya kwana uku ba ciniki ba, don haka ku tanadi abin da za ku tallafa masa kafin ku kira.

8. In ta kai ga fita titi

Haƙƙinka ne. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin taro cikin lumana. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar ANPP da wasu jam'iyyu da Sufeto Janar, ta ce ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin gangami. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ɗora musu nauyin ba taron tsaro. Ku rubuta musu takardar sanarwa, ku riƙe kwafi mai hatimi.

Amma ka tuna zanga-zangar Agustan 2024. Kukan tsadar rayuwa gaskiya ne, sai dai a Kano da wasu garuruwa fitowar ba ta da masu riƙe ta. Ranar farko ɓata-gari suka shiga, aka fasa wurare, aka sa dokar hana fita. Amnesty International ta ce 'yan sanda sun kashe aƙalla mutum 24 a jihohi shida na Arewa, kuma alhakin jinin nan yana kan wanda ya harba. A Nuwamba aka gurfanar da yara ƙanana a kotun tarayya a Abuja da tuhumar cin amanar ƙasa, wasu suka faɗi a gaban alƙali don galabaita, sai da duniya ta yi ca aka sake su. Ba na so ka sake ganin wannan a kan ƙannenka.

Don haka: da rana za ku fita, da lokacin farawa da na tashi, da hanyar da kowa ya sani. Ku naɗa masu kula da sahu, su sa riga iri ɗaya, su fitar da duk wanda ya zo da gora ko dutse. Yara su zauna a gida. Ba ƙona taya, ba taɓa shagon kowa. Ba ɗaga tutar wata ƙasa, domin har telolin da suka ɗinka tutar Rasha an kama a Kano. Kuma kada bakin kowa ya kira soja. Soja in ya zo, abin da ya fara ɗaukewa shi ne damar da kake da ita ta yin ƙorafi.

Lumana ba tsoro ba ce, ita ta fi cin nasara. Erica Chenoweth da Maria Stephan sun nazarci gwagwarmaya 323 daga 1900 zuwa 2006. Waɗanda aka yi ba makami sun ci nasara kashi 53 cikin ɗari, na makami kashi 26. Babban dalili shi ne yawan jama'a: tsoho da mace da ɗan kasuwa za su shiga taron lumana, ba za su shiga na jifa ba.

Kowa ya riƙe lambar lauya a takarda, ba a waya kaɗai ba. Mutum ɗaya ya zauna a gida da sunayen duk waɗanda suka fita. In an kama ka, kada ka yi kokawa. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har ka ga lauya, ya kuma ce a kai ka kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a kusa, ko biyu in babu. Kada ka sa hannu a kan abin da ba ka karanta ba. Beli kyauta ne a doka, kuma an hana kama wani a madadin wani. 'Yan'uwa su garzaya reshen ƙungiyar lauyoyi na garin, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, a ranar.

In kana Maraɗi ko Damagaram, dokokin nan na Najeriya ne. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, aka jingine tsarin mulkin Nijar, filin magana ya ƙuntata. Tsaya a kan ruwa, makaranta, asibiti da farashi, ka ƙarfafa matakai biyar na farko.

9. Za a yi ƙoƙarin raba ku

Ku sa rai da wannan tun yanzu. Za a ce wane ɗan Izala ne, wane ɗan ɗariƙa, wane Kirista, wane baƙo, wane ɗan jam'iyyar adawa ne aka turo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku ajiye hular jam'iyya a ƙofa kafin ku shiga zama. A Janairun 2012 an ga Kiristoci sun kewaye Musulmi suna gadinsu lokacin salla a filin zanga-zanga, Musulmi kuma suka tsaya wa coci-coci. Wannan hoton ya fi kowane jawabi tayar wa masu mulki hankali.

Duk labarin da ya shigo waya, mutum biyu su tabbatar da shi kafin a yaɗa. In an zargi ɗayanku da karɓar kuɗi, a yi maganar a gabansa a zama, ba a bayan idonsa ba.

Samarin da ake ba ƙwaya da 'yan kuɗi su tarwatsa taro kuwa, 'ya'yan unguwa ne. Ku san iyayensu, ku yi magana da su tun kafin ɗan siyasa ya riga ku.

10. Zaɓe aikin shekara huɗu ne

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum miliyan 93 da ɗoriya ke da rajista, kimanin miliyan 25 suka fito, wanda ya ci ya samu ƙuri'a miliyan 8.79. Waɗanda suka zauna a gida sun ninka duk waɗanda suka fita fiye da sau biyu. Ku ƙirga masu kati a layinku. Wanda ba shi da shi, ku raka shi ofishin INEC da zarar an buɗe rajista.

In an zo da kuɗi, yi wa maƙwabcinka lissafi. Naira 5,000 a shekara huɗu ba ta kai naira huɗu a rana ba. Ku kuwa ku je wa kowane ɗan takara da buƙatu uku a rubuce, ya sa hannu a gaban jama'a, ku ajiye takardar. Duk wata shida ku fito da ita ku karanta a rediyo.

Ranar zaɓe kada ku dangwala ku tafi. Ku tsaya a ƙirga a gabanku, a cike takardar EC8A, wakilai su sa hannu, a liƙa sakamako. Ku ɗauki hoto, ku gwada da abin da aka ɗora a shafin IReV. A wurin tattara sakamako ake yawan juya lambobi, kuma wakilan jam'iyyu da masu sa ido da INEC ta amince da su ne ke shiga. Ku nema wa wasu cikinku wannan katin tun da wuri.

Ku duba ƙananan kujeru. Tun gyaran tsarin mulki na 2018, ɗan shekara 25 zai iya takarar majalisar jiha ko ta wakilai. Kujerar kansila da shugabancin jam'iyya a mazaɓa, 'yan ƙuri'u kaɗan ke yanke su. Kiranye kuwa yana cikin sashe na 69 da na 110 na tsarin mulki, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu. A Kogi ta Yamma a 2018 yunƙurin ya mutu a wajen tantance sa hannun. Kada ku ƙarar da ƙarfinku a nan sai kun tabbata da yawanku.

11. Zaman farko

Ku yi shi a wannan makon, a zaure ko ƙarƙashin bishiya, kada ya wuce awa ɗaya. A fara a kan lokaci ko da mutum biyar ne suka iso. Kowa ya faɗi abin da matsalar ta jawo masa cikin minti biyu. A amince da buƙata ɗaya, a rubuta ta a jimla ɗaya, da sunan ofishin da zai biya ta.

Ku yi alkawari tun a ranar cewa in an kama ɗayanku ko an kore shi daga aiki saboda wannan tafiya, cefanen gidansa yana wuyan sauran. Wanda ya san ba za a bar iyalinsa da yunwa ba, shi ke iya tsayawa.

Kafin addu'ar tashi, kowa ya ɗauki aiki ɗaya da ranar da zai kawo rahoto, sakatare ya rubuta. A sa ranar zama na biyu a wurin, a kuma faɗi wanda zai bi gida gida ya tuna wa mutane ana gobe.